Babi na Huɗu: Kwalekwalen Dufuna da Jiragen Bahar Rum

Duk wanda ya tashi a Potiskum ko ƙauyukanta a zamanin da famfo bai yawaita ba, ya san cewa haƙar rijiya aiki ne na haƙuri, wanda ba a yinsa da gaggawa, ba kuma mutum ɗaya ke yinsa ba. Ina tuna wata rijiya da aka haƙa a bayan gidanmu ina yaro, mai haƙar yana can ciki da daginsa, yaransa biyu suna baki suna jan kwando da igiya, mu kuwa yaran unguwa muna tsugune gefe muna jiran abin da kowane kwando zai fito da shi. Da fari baƙar ƙasa ce mai toka da tsingaro da ƙasusuwan da aka watsar tun zamanin kakanni. Da aka nutsa kaɗan sai ta koma ja, sa'an nan tsakuwa, sa'an nan yashi. Wani tsoho, shi ne maigidan masu aikin, yana zaune a kan turmi a kife, ba ya sauka ramin, sai dai a miƙo masa danƙin ƙasa ya murza a yatsa ya sansana, ya faɗi yawan gaba da ya rage a tarar da ruwa. Na yi ƙarfin hali na ce masa, "Baba, yaya aka yi ka sani, alhali ba ka shiga ba?" Ya dube ni ya ce, "Yaro, ƙasa ba ta ruɗe jerinta. Wadda ta riga kwanciya ita ce a ƙasa."

Ban san cewa tsohon nan ya karanta mini asalin wani fanni na ilmi ba sai bayan shekaru masu yawa, domin kuwa ilmin tonon kufai, watau binciken rayuwar mutanen da suka shuɗe ta hanyar abin da suka bari a cikin ƙasa, a kan wannan ƙa'ida aka gina shi tun daga tushe. Masanin kufai ba ya murna da kayan da aka kawo masa a jaka, komai kyawunsu, sai ya san daga wane rami aka ciro su, a zurfin kamu nawa, mene ne a samansu, mene ne kuma a ƙarƙashinsu. Almajirin da ya zauna gaban malaman hadisi zai gane wannan da sauri, gama su ma ba su karɓar matani sai sun bi isnadi, mai ruwaya bayan mai ruwaya, har su ga inda silsilar ta tsaya. In ta yanke, darajar ruwayar ta ragu, ko da lafazinta ya yi daɗin ji. To, a wurin masana kufai tukunya ko gatari ko ƙashi shi ne matani, jerin ƙasar da ta lulluɓe shi kuwa shi ne isnadi.

A shekarar 1987, a lokacin ƙasarmu tana cikin Jihar Barno, tun ba a yanke Yobe ba sai 1991, wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya don shayar da shanunsa kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙasar Fune, tsakanin Potiskum da Gashuwa, ba nisa da kogin Komadugu Gana. Da ya nutsa sai ya ci karo da wani abu mai tauri, wanda da aka share ƙasar aka ga ashe itace ne, kuma itacen da hannun ɗan Adam ya sassaƙa. Mai karatu ya tsaya ya yi tunanin abin da yawancinmu za mu yi a wannan hali: ko dai mu saka gatari mu datse abin da ya tare mana hanya mu ci gaba da neman ruwa, tun da shanu ba su san tarihi ba, ko kuwa tsoro ya kama mu mu ce ajiyar aljannu ce, mu cike ramin mu koma wani wuri, mu ja bakinmu mu yi shiru. Bawan Allahn nan bai yi ko ɗaya ba. Labari ya kai ga shugabannin yankin, daga nan ya isa Jami'ar Maiduguri, inda masanin kufai Abubakar Garba ya fara bin al'amarin. Daga baya kuma, saboda yarjejeniyar bincike da ke tsakanin wannan jami'a da ta Frankfurt a Jamus, Peter Breunig ya shigo cikin aikin. A 1994 aka yi babban tono, ma'aikata 50 suka yi mako biyu suna kwashe ƙasa, har abin ya bayyana gaba ɗayansa a zurfin mita 5, yana kwance a kan yashi, shimfiɗun laka suna bisansa. Ba a ɗaga shi daga makwancinsa ba sai a watan Maris na 1998.

Kwalekwale ne na gungume guda, irin wanda ake rarake cikin itace a fitar da jirgi ba tare da haɗa katako da katako ba. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kamar rabin mita, kaurin jikinsa santimita 5, kuma daga itacen dangin maɗaci aka sassaƙa shi. Goshinsa da wutsiyarsa duka an fiƙe su an daidaita, aikin wanda ya san yadda ruwa ke tsagewa gaban jirgi.

A nan nake so in ɗan dakata, domin waɗannan lambobi suna iya wucewa ta gaban idon mai karatu ba su taɓa zuciyarsa ba. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masassaƙa yana kallon yadda ake fitar da turmi ko akushi, ya ga irin gumin da ake sha: gizago yana sauka sau ɗari kafin ramin ya kai zurfin tafin hannu, kuma kowane sara da lissafinsa, gama in ya zarce ya huda gindin, aikin kwana biyu ya tashi a banza. Wannan fa turmi ke nan, wanda bai kai mita guda ba, kuma da gizagon ƙarfe wanda maƙeri ya wasa. To, ina ga gungumen da ya fi tsawon mutum huɗu in an jera su kai da ƙafa, na itace mai tauri, a zamanin da ba a san gizagon ƙarfe ba a ko'ina cikin duniya, sai gatarin dutse? Kuma a rarake shi har bangonsa ya koma kaurin yatsa uku daga goshi zuwa wutsiya, ba a huda ba, ba a bar gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya ba, domin in ya rinjaya jirgin zai kife da mai shi. Breunig ya yi hukunci cewa irin wannan ƙwarewa ba ta mafari ba ce, sai dai gadon sana'ar da ta daɗe ana yinta kafin a kai ga wannan jirgi, kuma duk wanda ya san yadda ɗan masassaƙi ke shekara da shekaru yana miƙa wa ubansa kayan aiki kafin a yarda ya taɓa itacen kirki, zai ga hukuncin nan ya hau daidai.

Saura mas'alar shekaru, wadda ita ce mutanenmu suka fi yin shakka a kanta, kuma shakkar tana da hujja, domin wanda ya ce maka itace ya shekara dubbai, haƙƙinka ne ka tambaye shi wa ya shaida. Amsar ita ce, a cikin iskar da tsirrai ke shaƙa akwai wani nau'i na sinadarin gawayi, wanda masana ke kira kabon 14, da ba ya dawwama a kan halinsa. Muddin itace yana raye yana ta karɓarsa daidai da abin da ke cikin iska, ranar da aka sare shi kuwa karɓa ta tsaya, abin da ke jikinsa ya shiga raguwa bisa wani ma'auni da ba ya saɓawa, watau rabinsa yana gushewa a cikin kowace shekara 5,730. Saboda haka in an auna abin da ya saura, an san tsawon lokacin da ya wuce tun mutuwar itacen. Wani masanin Amurka, Willard Libby, shi ya fito da wannan hanya a ƙarshen shekarun 1940, har aka ba shi kyautar Nobel a 1960. Abin da ya fi burge ni a labarinsa shi ne, bai nemi a gaskata shi haka kawai ba, sai da ya jarraba ma'auninsa a kan abubuwan da an riga an san zamaninsu ta wata hanya dabam, musamman itatuwan kaburburan Masar, inda jerin sarakuna yake a rubuce; cikin abin da ya gwada har da katakon wani jirgin ruwa na Fir'auna Sesostris na Uku. Ashe tun ran farko da jirgin ruwa aka daidaita sikelin da za a zo a auna namu da shi. An kai ɓangarorin itacen Dufuna ɗakunan bincike biyu a Jamus, ɗaya a Kiel ɗaya a Kolon, kowanne ya yi nasa awon, shaidu biyu ke nan, kuma dukansu suka nuna an sare itacen fiye da shekara 6,000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Watau kwalekwalen ya kai shekara 8,000, kuma har yau ba a sami jirgin ruwan da ya girme shi ba a duk faɗin Afirka. A duniya ma 'yan kaɗan ne ke gabansa, mafi shahararsu shi ne na Pesse a ƙasar Holan, wanda aka tono a 1955, tsawonsa bai wuce mita 3 ba.

Mai tambaya zai ce, me ya kawo jirgi irin wannan ƙasar da a yau rabin shekara kogunanta yashi ne, makiyayi sai ya haƙa rami kafin ya shayar? Amsa ita ce ƙasar ba haka take ba a wancan zamani. Tafkin Chadi da muka sani, wanda ko a shekarun 1960 da yake cike faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 25,000 ne kawai, ragowar wani babban ruwa ne da ya kai kimanin 350,000, fiye da sulusin faɗin Nijeriya. Gaɓarsa ta dā tana nan ba ta ɓace ba: ita ce doguwar tungar yashin nan da ta ratsa Bama da Maiduguri ta nufi arewa maso yamma, wadda matafiya ke hawa su sauka a mota ba su san bakin teku suke takawa ba. Sahara kanta a lokacin fadama ce da tafkuna, har a Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an tono maƙabartar mutanen da abincinsu kifi ne, tare da māsun ƙashi da suke sukarsa da su, da ƙasusuwan dorina da kada. Komadugu Gana ɗaya ne daga cikin kogunan da ke zuba a wannan bahar, mai kwalekwalen Dufuna kuwa mutumin ruwa ne a ƙasar ruwa.

Da yake maganar bahar ta shigo, bari mu ɗaga ido mu dubi arewa, can ƙetaren Sahara, inda Bahar Rum yake kwance tsakanin Afirka da Turai da ƙasar Sham, domin babu wani yanki na duniya da aka daɗe ana tono kamar gaɓoɓinsa, kuma a can ne wannan fanni ya yi ƙuruciyarsa, ya yi kurakuransa, sa'an nan ya yi hankali. Shahararren kuskuren kuwa shi ne na Heinrich Schliemann, wani attajirin Jamus wanda son waƙoƙin Yunanawa ya ɗebe shi zuwa tudun Hisarlik a ƙasar Turkiyya a farkon shekarun 1870, yana neman birnin Taroyi da aka yi yaƙin da mawaƙinsu Homa ya waƙe. Tudun nan birane ne a kan birane, wajen tara, kowanne an gina shi bisa kufan na gabansa. Shi kuwa, don gaggawa, sai ya sa aka tsaga shi da wani ƙaton rami daga sama har ƙasa, yana watsar da abin da ya tarar a hanya, cikinsu har da gine-ginen zamanin da yake nema. A 1873 ya sami tarin zinariya ya laƙaba mata sunan Sarki Piriyam na Taroyi, ya fitar da ita daga ƙasar a ɓoye, daga baya bincike ya tabbatar ta girmi zamanin wannan sarki da shekara 1,000 ko fiye. Ya sami matani mai ƙyalli, ya yanke isnadin da hannunsa. Makiyayin Dufuna, wanda bai shiga ajin kowa ba, ya fi shi ladabi ga abin da ya tarar.

Waɗanda suka zo bayansa sun koyi tafiya a hankali, kuma da suka yi haka sai ƙananan abubuwa suka fara faɗin manyan labarai. A kudancin ƙasar Girka akwai wani kogo a bakin teku da ake kira Franchthi, wanda Thomas Jacobsen ya fara tonawa a 1967, aka tarar mutane sun zauna cikinsa dubban shekaru, shimfiɗa bisa shimfiɗa. A cikin shimfiɗar da ta kai kimanin shekara 13,000 aka tsinci 'yan ɓarɓashin wani baƙin dutse mai sheƙi kamar fasasshiyar kwalba, wanda duwatsu masu aman wuta ke fitarwa, mutanen dā suna fasa shi su yi wuƙaƙen da suka fi aska kaifi. Wannan dutse yana da wata hāsiyya, ita ce kowane tsauni da irin gaurayen sinadaransa, kamar yadda mai sayen kanwa ke bambanta ta wani wuri da ta wani. Tun a shekarun 1960 Colin Renfrew da abokan aikinsa suka nuna ana iya mayar da kowane ɓarɓashi ga tsaunin da ya fito. Na Franchthi daga tsibirin Melos yake, Melos kuwa ba a zuwansa sai ta ruwa. Ba a ga jirgin ba, ya ruɓe tun tuni, amma dutsen ba ya iyo, saboda haka hankali ya wajabta samuwar jirgin. Wannan shi ne irin istidlalin da malaman tauhidi ke yi da sawu a kan yashi.

Hujjar tsibirin Kubrus ta fi wannan ban mamaki, musamman ga mutumin Potiskum. Tsibirin yana da nisan kimanin kilomita 70 daga gaɓar Turkiyya, kuma a asalinsa babu shanu a cikinsa, babu tumaki, babu awaki. Amma a wani kufai mai suna Shillourokambos, wanda Bafaranshe Jean Guilaine ya jagoranci tononsa daga 1992, an sami ƙasusuwan dukan waɗannan dabbobi a shimfiɗun da suka haura shekara 10,000. Har an sami kabarin wani mutum da aka binne shi da kyanwa kusa da shi, shekara 9,500 da suka wuce. Wanda ya taɓa tsayawa a karar shanu ta Potiskum ranar kasuwa, ya ga yadda ƙarti huɗu ko biyar ke fama da bijimi guda, wani na riƙe da ƙaho, wani na murɗa wutsiya, wani na jan igiyar ƙafa, kafin a hau da shi tirela da ke tsaye cik a kan busasshiyar ƙasa, shi ne zai san girman abin da mutanen nan suka yi, da suka ɗora ko da maruƙa ne a kan wani abu mai tangaɗi, suka yini suna tuƙi ba tudu kusa, kuma ba sau ɗaya ba, gama garke ba ya kafuwa da saniya guda. A yammacin tsibirin kuma, a Mylouthkia, an tarar da rijiyoyin da suka haƙa, waɗanda ake lissafa su cikin mafi tsufa a duniya. Makiyaya ne masu haƙar rijiya, kamar mutuminmu.

To, jiragen da kansu fa? Itace ba ya jure zamani sai in ya sami ɗaya daga cikin abu biyu, ko bushewar da babu ɗigon laima, ko nutsewa cikin laka inda iska ba ta kaiwa. Ta hanyar farko aka sami jirgin Fir'auna Khufu, wanda Kamal el-Mallakh ya gano a 1954 a wani rufaffen rami a gindin babbar dalar Giza, an kwance shi gunduwa 1,224, da aka harhaɗa ya haura mita 43, yawancinsa da katakon al'ul na Lubnan. Amma duk girmansa, na Dufuna ya girme shi da kimanin shekara 3,500. Ta hanya ta biyu kuwa aka sami mafi tsufan jiragen yankin Bahar Rum, a ƙarƙashin tafkin Bracciano da ke arewa da birnin Rum a Italiya, inda wani ƙauyen manoman farko, da ake kira La Marmotta, ya nutse ruwa ya rufe shi. Daga 1992 zuwa 2006 masu nutso suka yi ta tono a can, suka sami kwalekwale biyar, dukansu na gungume guda kamar namu, waɗanda awo ya sa tsakanin shekara 5,700 da 5,100 kafin Annabi Isa. Babbansu ya kai mita 10.43, kuma a ƙauyen an sami baƙin dutsen nan mai sheƙi daga tsibiran Lipari da Palmarola, alamar cewa mutanen ba a tafki kaɗai suka tsaya ba. A 1998, shekarar da aka ɗaga na Dufuna, wasu masana daga ƙasar Cek suka sassaƙa irin babban nan suka tuƙa shi fiye da kilomita 800 a gaɓoɓin Bahar Rum, don su gani da idonsu ko zai iya teku. Ya iya.

Na Dufuna ya riga na La Marmotta da ɗaruruwan shekaru, kuma na san akwai masu jin daɗin tsayawa a nan su yi kirari. Ni ban ga fa'idar mayar da abin tsere ba, domin wanda aka tono ba shi ne wanda aka fara sassaƙawa ba, shi ne dai wanda laka ta yi wa sutura, gobe kuma wani manomi a Sin ko a Sudan yana iya tono wanda ya girme su duka. Haka nan babu wata shaida da ta haɗa mutanen Dufuna da na Italiya da nasaba ko ciniki, kuma wanda ya yi da'awar haka ya faɗi abin da ƙasa ba ta faɗa ba. Abin da za a iya tsayawa a kansa da yaƙini shi ne, a zamani guda, a gefe biyu na Sahara, mutane sun fuskanci buƙata iri ɗaya, suka warware ta da dabara iri ɗaya da ƙwarewa mai kama da juna. Kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe tsohon zancen da aka daɗe ana karantarwa, cewa hikima daga gaɓar Bahar Rum take gangarowa kudu, mu kuwa sai jira.

Saduwar ɓangarorin biyu ta zo daga baya, bayan ruwa ya janye Sahara ta bushe. A 1982 wani mai nutso neman soson teku ya ga wasu faifan ƙarfe a ƙarƙashin ruwa a Uluburun, kudancin Turkiyya, shi ma ya kai labari. George Bass da Cemal Pulak suka yi daga 1984 zuwa 1994 suna kwashe kayan, da nutso fiye da 22,000. Jirgin fatake ne da ya nutse wajen shekara 1,300 kafin Annabi Isa, ɗauke da tan 10 na jan ƙarfe da tan 1 na kuza, daidai gwargwadon da ake haɗawa a sami tagulla, ga hauren giwa, ga haƙoran dorina, ga ƙwan jimina, ga kuma gumagumai na wani baƙin itace na ƙasashen Afirka da ke kudu da Masar. Bayan wannan da ƙarnoni, Herodotus, marubucin tarihin Yunanawa, ya ambaci wata al'umma a Fazzan mai suna Garamanta, waɗanda binciken David Mattingly daga 1997 ya nuna sun gina garuruwa a tsakiyar hamada ta hanyar haƙa jerin rijiyoyi su haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa ruwa ya gangaro gonaki, kuma a kaburburansu akwai tulunan Rumawa. Hanyar da ta bi ta ƙasarsu ita ce daga baya ayarin Barno suka riƙa bi ta Kawar da Murzuk zuwa Tarabulus, ta nan kuma jakadun Mai Idris Alauma suka fita daga Birnin Gazargamu, wanda kufansa ke cikin Jihar Yobe a yau, suka isa Istambul a shekarun 1570.

Mu koma ga kwalekwalen namu. Shekara 11 ke tsakanin ranar da makiyayi ya gan shi da ranar da aka ɗaga shi, kuma wanda bai san halin jiƙaƙƙen itace ba zai ɗauka duk sakaci ne. Itacen da ya yi dubban shekaru cikin laka, ruwa ne ke riƙe da siffarsa, domin naman cikinsa ya riga ya narke. In aka fito da shi rana ta buge shi, cikin 'yan kwanaki zai motse ya tsattsage, abin da ya jure shekara 8,000 ya lalace kafin sati ya zagayo. Maganin da masana suka samo shi ne a jiƙa shi cikin wani irin narkakken kaki na haɗi, wanda ke shiga a hankali ya maye gurbin ruwan, aikin da ke cin watanni ko shekaru. Haka aka yi wa jirgin Kyrenia na Kubrus, wanda aka gano a 1965, kafin a iya baje shi ga masu kallo. Kwalekwalen Dufuna yana Damaturu a hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, dokar da kuma ta haramta tonon kufai ba da izini ba, da cinikin abin da aka tono.

Abu ɗaya ke damuna in na tuna wannan labari. A yau rijiyar hannu tana ja da baya, injin burtsatse ya karɓi aikinta, shi kuwa ba shi da ido, ba ya kuma miƙo wa wani tsoho danƙin ƙasa ya murza. Da shi ne ya sauka a wurin nan a 1987, da ya huda cikin kwalekwalen ya wuce, 'yar baƙar dusa ta fito cikin taɓo ba wanda ya kula. Waɗanda suka rage suna ganin cikin ƙasa da idonsu su ne masu haƙar rijiya da masai, da masu yankan bulo, da masu ɗiban yashi a kwarin kogi, da manoman fadama, kuma ga su nake roƙon mai karatu ya kai wannan magana, tun da yawancinsu littafin nan ba zai isa hannunsu ba. In dagi ya ci karo da itace sassaƙaƙƙe, ko tukunya a kife, ko ƙasusuwa a jere, a dakata. Kada a ciro shi, kada a wanke shi, kada a bar shi a rana. A mayar masa da jiƙaƙƙiyar ƙasarsa, a sa alama a wurin, a gaya wa mai unguwa ya kai maganar gaba.